Abin da Inna Ta Bari a Baƙar Taga

Ni ce ɗiyar fari a wurin Inna Zara'u, kuma har na kai shekara ashirin da biyu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Sunana Saudatu. Ga shi na faɗa, rufin ɗaki bai rufto ba. Amma ita Inna, ko wuƙa aka ɗora mata a wuya, abin da za a samu bai wuce "ke" ko "waccan" ba, in ta yi ƙoƙari ƙwarai ta ce "yarinyar nan". Kunya ce irin ta mutanenmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ma yarda su haɗa ido. Ana yaye ni aka miƙa ni ga yayar babana, Gwaggo Furera mai ƙosai a Tasawa, ita ta raine ni, ita ta sa ni lakol, wato makarantar boko. Inna tana can ƙauyenmu na wajen Hawandawaki. Sai da salla nake ganinta, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana duban tukunya.

Na san al'ada ce, kada wani ya tashi yi mini wa'azi. Na yi karatu har makarantar koyon ordinatar, wato kwamfuta, a Maraɗi, ina iya bayyana wa baƙo al'adar nan da Faransanci mai daɗi yana gyaɗa kai. Duk da haka abin yana cin raina. Ga shi Allah ya yi ni da zuciya a kusa, Gwaggo ta ce tun ina rarrafe nake cizo.

Shekarar dubu biyu da goma ce ta haɗa mu gida ɗaya. Damanar da ta wuce ba ta yi ba, rumbuna suka ƙare tun kafin zafi ya shigo. A watan biyu soja suka karɓi mulki a Yamai, ba da daɗewa ba rediyo ya fara kiran abin da sunansa, wato yunwa. Kafin nan kowa na gani da idonsa, amma sai a yi ta kewaye-kewaye, murya ƙasa-ƙasa. Gwaggo ta ji, ta tsame ƙosanta daga mai, ta ce, "To madalla. Tun da an hwaɗi sunanta, ƙila ta ji kunya ta tahi."

Ba ta tafi ba. Babana Baƙo ya kwashi ƙannena maza biyu, Mamudu da Ishaƙu, suka tsallaka Najeriya neman abin yi. Inna ta zauna tana jiƙa anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an kwana ana sauya musu ruwa kafin su ciyu, har autarta Habsu, ƴar shekara biyar, ta fara ramewa. Sai ga su wata ranar Lahadi a amalanken jaki, da tabarma, da tukunya guda, da wani ƙulli da Inna ta rungume ba ta bari kowa ya taɓa. Irin hatsi ne, tiya biyu. Ta yi yunwa da shi a ƙarƙashin kanta ba ta daka ba. Tana sauka, tun ba ta sha ruwa ba, ta ce wa Gwaggo, "Yaya, ba zama na zo ba. Ranar da ruwa ya sauka, washegari na tahi shuka."

A ranar na yi wa kaina alkawari: kafin ruwan nan ya sauka, sai matar nan ta kira sunana. Sau ɗaya ma ya ishe ni. Kuma bari in faɗi abin kunyata, tun da na fara. Duk gari na roƙon ruwa, an fita bayan gari an yi salla, ni ma na ɗaga hannu na ce amin, amma can cikin cikina ina cewa, ya Allah a ɗan jinkirta mini. Allah ya yafe mini wannan.

Lokacin ina gida ne don sitaj, wato koyon aiki, na wata uku a biro, ofishin wani furoje na agaji mai auna yara don gano masu tamowa. Sun ba ni aron wani tsohon ordinatar, batirinsa awa ɗaya da rabi yake yi in ya ƙoshi. Kuran ɗin unguwarmu, wato wutar lantarki, sai ya ga dama yake zuwa, don haka a biro nake cika shi in kawo gida. Duk Litinin kuma sai na aika wa malaminmu na Maraɗi, Mushe Ƙadri, aikin gida da ya ba mu. Mutum ne mai kirki, amma in ka makara da yini ɗaya zero ne, ko uwarka ce ta haihu.

Abin da muke koyo a lokacin shi ne yadda ake sa ordinatar ya faɗi magana. Kana rubuta umarni a farin shafi, ka danna maɓallin F9, sai wata taga ta buɗe, baƙa ƙirin, ba hoto ba ado, abin da ka sa shi ya faɗa ya fito da fararen haruffa. Tarminal ake ce mata, ni dai baƙar taga nake kiranta. Wata la'asar, muna inuwar itacen bedin tsakar gida, na so in yi burga. Na rubuta:

printf("Sannu da aiki\n");

Na danna. Na juya wa Gwaggo fuskar ordinatar, ita da ko alif na boko ba ta sani ba. Ta leƙa ta ce, "Mi ya ce, ɗan nema?" Kafin in buɗe baki sai na ji murya daga wajen murhu, a hankali, ana tsinkar kalmomin ɗaya-ɗaya: "San-nu... da... ai-ki."

Inna ce. Ta karanta daga inda take tsugune, ta mayar da kanta ga hura wuta kamar ba ita ba.

Na saki baki. Gwaggo ta ce, "Au, ba ki sani ba? Rani uku ta yi tana zuwa karatun manya, da goyo da komi. Zara'u, wai ni mi ya kai ki? Da tsuhwanki?"

Inna ta ce, "Akwai abin da nike son in iya rubutawa."

"Sa hannu a bankin hatsi ke nan, ta gaji da dangwale," in ji Gwaggo. Inna ta ƙwala wa Habsu kira ta kawo mata ludayi.

Kai, Habsun nan! Sau hamsin ake kiranta a yini. Habsu zo, Habsu sauka, Habsu Allah ya shirye ki, Habsuna ta kaina. Ina son yarinyar har raina, ni nake goya ta zuwa biro a auna hannunta, amma wallahi akwai ranar da na ji kamar in ƙwace sunan in ɓoye a aljihu. Ƙatuwa da ni ina kishin ƴar shekara biyar.

Sati na biyu da zuwansu Mushe Ƙadri ya ce a sa ordinatar ya maimaita magana sau goma ya tsaya. Akwai wurin da ake gaya masa ya riƙa ƙidaya, ni kuwa garin sauri na manta da shi. Ina danna F9 sai baƙar taga ta ɓalle: Sannu da aiki, Sannu da aiki, Sannu da aiki, layi na korar layi, ba ƙarshe. Na rikice ina ta neman yadda zan tsayar da shi. Inna ta zo wucewa da ƙwarya, ta tsaya, ta duba. Sai ta fashe da dariya, har ta ajiye ƙwaryar ta dafa bango.

"Yaya, ce ma waccan ta ba shi ruwa, maƙogwaronsa zai bushe!" Ta share hawaye da gefen zane. "Wannan ba shi gajiya?"

Ba ni ta tambaya ba, iska ta tambaya, amma na amsa. Na ce ba ya gajiya, sai in an tsayar da shi, ko batir ya mutu.

"Ikon Allah. Ya yi halin Gwaggonki in ta soma hwaɗa."

Ranar ce farkon da na ji Inna ta yi dariya saboda wani abu nawa. Na gyara aikin a wani shafi na aika wa Mushe, amma wancan mai kuskuren ban goge shi ba. Na ajiye shi yadda yake, na sa masa suna "marar gajiya". Wani lokaci in na ga gidan ya yi shiru da yawa, tukunya ba nauyi, sai in sake shi ya yi ta surutu minti ɗaya don a yi dariya.

Da na bar abin haka da ya fi mini. Amma watan biyar ya ƙare, na shida ya shiga, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa, ni kuma hankalina ya tashi. Sai shaiɗan ya kawo mini dabara, na karɓa hannu bibbiyu.

Na rubuta wani ɗan shiri mai yin tambaya ya jira amsa. Ranar Juma'a na dawo daga biro da fuskar aiki, na zauna a kujera ƴar tsugune, na ce furoje za su raba garin kunun yara, amma sai uwa ta faɗi sunayen ƴaƴanta duka da bakinta, ni in shigar. In ɗaya ya ragu, ba a ba da komai. Ƙarya ce tsagwaronta, garin Habsu an riga an rubuta shi tun da aka auna ta. Na san abin da nake yi: yunwar ƙanwata na sa a tarko.

Inna ta matso ta zauna a bakin tabarma. Baƙar taga ta rubuta tambayar, na karanta mata. Ta fara daga ƙasa.

"Habsu." Na shigar.

"Ishaƙu." Na shigar.

"Mamudu." Na shigar. Taga ta sake tambaya, ƴar alamar nan tana ƙyaftawa tana jira.

Inna ta dubi tafin hannunta. Ta dubi Habsu da ke kwance a inuwa. Ta buɗe baki, ta rufe. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Can ta ce, "Yaya, ke ki hwaɗa musu."

Na ce, "Ba a yarda ba. Sai uwa."

Sai ta miƙe a hankali ta ce, "To a bar shi. Zan raba nawa tuwon da ita."

Nan na fashe. Na rufe ordinatar da ƙarfi na tashi tsaye. "Haba Inna! Haba! Sunan nawa kashi ne da ba ya shiga baki? Ko tsinto ni aka yi a bola? Ki yarda ki kwana da yunwa da ki ce Saudatu? Ba wani gari, ƙarya na yi! So nake in ji ko ni ma ɗiyarki ce!" Ina faɗa ina kuka, maƙwabta na leƙe ta kan katanga.

Inna ta ɗauki Habsu ta saɓa a kafaɗa ta shiga ɗaki. Gwaggo kuwa ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Assha. Wannan aka koya miki a Maraɗi?"

Washegari da safe ta sa ni na bi ta bakin titi inda take tuya. Wake ya yi tsada, ƙullun rabin na da ne. Ta bar ni ina hura wuta hayaƙi na cin idona, sai da ta ga na yi laushi ta fara.

"Kina shekara uku kika yi ƙyanda, har mun cire rai. Labari ya je ƙauye. Uwarki ta taso da ƙahwa, da cikin Mamudu wata bakwai, tun asuba sai bayan la'asar ta iso. Kin san ba ta shigo ba? Kwana uku tana zaune bayan katangar can, da lokacin dangar zana ce, tana saurarar numfashinki. In na hito ta ce, Yaya, yaya mai jiki? Ranar da kika nemi hura ta tashi ta koma. Ko ganinki ba ta yi ba." Ta juya ƙosai. "Ke kina ganin da daɗi take yi? Uwarta haka ta yi, kakarta haka. In ta kira ki, a wurinta ta tuɓe zane ne a kasuwa. Ke kuma kin zo kin ja zanen gaban mutane."

Na koma gida na durƙusa a ƙofar ɗaki na ce, "Inna, ki yafe mini." Daga ciki ta ce, "Ba komi." Shi ke nan. Kwana huɗu ba ta ƙara dariya ba, ni kuma na haƙura da alkawarina. Na ce wa kaina, Saudatu, kin ɓata, sai ki rungumi "ke" ɗinki har kabari.

Rana ta biyar, ina inuwar bedi ina aikin Mushe, sai na ji an shimfiɗa tabarma kusa da ni. Ban ɗaga kai ba don kada in kore ta. Ta jima tana kallo, sannan ta ce wa bedin, "Shi wannan abu, duk abin da aka sa mishi shike hwaɗi?"

Na ce e. Na nuna mata layin. Na ce ga ƴan zane biyu a nan, ga biyu a can, duk abin da aka rubuta tsakaninsu shi zai fito a baƙar taga. Ba ya ƙari, ba ya ragi.

Ta sunkuya ta duba da kyau, ta kai yatsa ta shafa tsagar da ke gefen bakinta. "Ashe shi ma yana da tsaga. Nan ke nan bakinsa."

"Nan ne."

"Ba shi jin kunyar kowa?"

"Ba ya ji."

"Marar tarbiyya," in ji ta, amma na ga gefen bakinta ya motsa.

Na tura mata ordinatar na ce ta gwada rubuta sunanta. Ta goge hannu a zane har sau biyu. Ta dubi maɓallan ta ce wane mahaukaci ya watsa haruffa haka, A na nan B na can wata unguwa. Da yatsa ɗaya ta yi ta farauta. Garin goge nawa rubutun ta haɗa da tsagar gefe ɗaya, da aka danna ordinatar ya ƙi, ya zubo jan rubutu yana ƙorafi. Ta ja baya da sauri tana cewa ta ɓata kayan mutane. Na ce ba abin da ya ɓace, bakinsa ne aka bari a buɗe, na mayar da tsagar. Na kuma nuna mata ƴar sandar nan da harafin n da ke ƙarshe, na ce kada a taɓa su, su ne ke sa kowace magana ta samu layinta. Ta gyaɗa kai. A karo na uku ta danna F9 da kanta, taga ta buɗe, ga "zarau" fari tas a cikin baƙi.

Ta daɗe tana dubansa. Sai ta ce, "In an rubuta ba a danna ba fa?"

"Yana nan zaune, bai faɗa ba."

"Sai wanda ya danna."

"Sai shi."

Ta ce to, ta naɗe tabarmarta. Bayan nan kusan kullum da la'asar takan zo ta zauna, ta rubuta hatsi, ta rubuta ruwa, ta rubuta habsu. Ta koyi yadda ake buɗe marar gajiya ta sa masa kalma, ta koyi rufe murfin ordinatar ba tare da an kashe shi ba. Batirina na tafiya a banza, aikin Mushe na jira, ban hana ta ba. Kafaɗarta na taɓa tawa in ta sunkuya, kuma ba ta janyewa. Na ce wannan ma ya ishe ni.

Ruwa ya sauka ranar Asabar da azahar. Iska ta fara, ta kwashe kwanon rufin wani maƙwabci, ta kayar da turakun kuran na rabin gari, sannan aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fita tsirara suna ihu, Gwaggo na guɗa tana tara bokitai. Inna ta tsaya a ƙofar ɗaki, ta miƙa hannu ruwan na zuba a tafinta, tana ta alhamdu lillahi. Da aka ɗauke ruwan, ta fita ta tona ƙasa da yatsa, laima ta wuce tsawon hannu. Ta shiga ta ɗauko ƙullin irinta ta fara ɗaure kaya. Na taya ta murna da gaske, na kuma shiga bayan ɗaki na yi kukana.

Da safe ta ce wa Gwaggo a aiki waccan tasha ta nemo mai kabu-kabun da zai kai su. Na ɗauki jakata na fita. Tasha ta cika maƙil, duk wanda yunwa ta koro gari yana neman hanyar gona, masu babur sun ga banza sun ninka kuɗi, ga esansi, man babur, ya yi wuya. Sai da na yi awa biyu ina ciniki da faɗa kafin na samu wani dattijo, Ɗan Baba, da ya san hanyar yashin Hawandawaki, ya yarda.

Muka ɗaure tabarma da tukunya a baya. Aka ɗora Habsu a gaba, ta yi ɗan kumatu yanzu, da ledar garinta a hannu. Na durƙusa na ce, "Inna, Allah ya kiyaye hanya. Allah ya ba da damana mai albarka." Ta ce amin tana duban tayar babur. Ta hau, ta gyara ƙullin iri a cinyarta. Ɗan Baba ya tayar da inji. Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Sai ta ɗan juyo wajen Gwaggo, ta ɗaga murya don ta fi ƙarar babur. "Yaya, ce ma waccan na taɓa mata kaya. Cikin wanda ba shi gajiya. Na ruhe kamar yadda take yi." Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. "Ni dai ban danna ba."

Babur ya ja, ya bi ta cikin taɓo, ya sha kwana.

Na shiga gida da gudu har takalmina ɗaya ya fita. Ordinatar na kan tabarma a ɗaki, an lulluɓe shi da tsohon kallabinta. Na ɗaga murfin. Shafin marar gajiya ne a buɗe. Tsaga biyu na nan daram a wurinsu, ƴar sanda da n na nan ba a taɓa ba. A tsakani, haruffa bakwai, ba ko ɗaya da ya kauce.

Abin da ya fara zuwa mini, don ni ban da kirki, shi ne daga ina ta kwafa. Na dudduba tabarma, ba takarda. Littattafaina na cikin akwati a kulle. Kartar makaranta, katin shaidata, wadda ita kaɗai ke da sunana a waje, tana cikin jakar da ke rataye a kafaɗata, da ita na je tasha. Ba inda ta kwafa. Da shi ta zo a kanta tun daga ƙauye. Rani uku da goyo a baya, a ajin da ba ta iya buɗe baki ta ce wa malami ga sunan da take so, ta yi ta tara haruffa har ta haɗa shi ita kaɗai. Ashe ba don bankin hatsi ba ne.

Na danna F9.

Baƙar taga ta buɗe. saudatu. saudatu. saudatu. Kowanne a layinsa, suna gangarowa, na ƙasa na tura na sama, taga ta cika ta ci gaba. Na zauna daɓas a ƙasa. Ga wanda ba ta kira ba ranar da aka yaye ni, ga na bayan danga, ga na kowace salla da na durƙusa tana duban tukunya, duk sun iso lokaci guda ba su ma jira juna.

Gwaggo ta shigo da takalmina a hannu. Ta leƙa. "Mi ya ce kuma, ɗan nema?"

Ta tsugunna ta ƙura wa tagar ido, ta ga abu ɗaya ne ke ta dawowa. "Karanta mini mana."

Na ce, "Saudatu."

Sai ta buga cinya ta kwashe da dariya, hawaye na bin kumatunta. "Kai, Zara'u, Allah ya bar ki! Kin gani ko? Ke kika danna, ke kika hwaɗa. Ita bakinta tsab, zanenta a ɗaure."

Batirin nan na cika shi ne ranar Juma'a don aikin Mushe Ƙadri na Litinin, ga kuran ya tafi da turakunsa, ba ranar dawowa. Na san da haka sarai. Maɓalli biyu kawai zan haɗa ya tsaya. Gwaggo ma ta ce, "Ba ki kashe shi? Zai cinye miki wutar." Na ce a'a, Gwaggo, uwata na kirana, ba na katse ta.

Na samu zero a wurin Mushe, ban ko yi masa bayani ba. Na ɗora ordinatar a cinyata, ina amsawa a hankali, na'am Inna, na'am, har awa ɗaya da ƴan mintoci, sannan batirin ya mutu.